Kilomita Biyu da Aka Ce Na Sace

Ranar Alhamis, sha huɗu ga watan Maris, da ƙarfe shida da minti goma na safe, Obadia Kipsaina ya sa hannu ya tumɓuke dutsena na farko. Na san lokacin domin ina tsaye a ƙofar gidana da kofin shayi, kuma agogona ba ya ƙarya. Ranka ya daɗe Cif, da ku dattawan Kaptumoi, daga wannan minti ɓarnar ta fara. Zan jero muku ita yadda ta faru, tunda na lura kwanakin nan mantuwa ta kama kowa a garin nan.

Ni ne Elkana Cheptarus. Shekara talatin da huɗu na yi ina koyar da lissafi, shi ya sa babba da yaro ke kirana Mwalimu, wato malam. Shekara ashirin da shida da suka wuce na auna jar hanyar da ta tashi daga ƙofar majami'a zuwa bakin daji, da tef na ƙarfe mai mita hamsin. Matata Taprandich ce ta riƙe ɗaya bakin. Sau ɗari huɗu da ashirin muka shimfiɗa shi a tafiya, sau ɗari huɗu da ashirin a dawowa, don in tabbatar. Bayan nan kwana tara ba ta yi mini magana ba. A kowace kilomita na kafa dutse, na shafe shi da farar ƙasa, na rubuta lamba. Ashirin da ɗaya cif.

Da waɗannan duwatsu masu gudun garin nan suke sanin kansu. Mutum ya danna agogo a dutse ɗaya, ya duba a na gaba, ya san minti nawa yake cin kilomita. Wanda ya san wannan ya san yadda zai raba ƙarfinsa ranar gasa. Wanda bai sani ba zai zubar da shi duka tun kafin rana ta yi zafi.

Obadia na cikin waɗanda ba su sani ba. Na koyar da shi a aji shida, shekara biyu a jere, kuma har ya bar hannuna bai yarda cewa rabawa da ɗebewa ba abu ɗaya ba ne. Sau ɗaya ya taɓa zuwa Jamus, a matsayin zomo, wato wanda ake ɗauka ya ja manyan 'yan gudu da sauri madaidaici zuwa kilomita ashirin da biyar sannan ya kauce. Shi kuwa ya fizga kamar an sako masa kare, ba wanda ya bi shi, a kilomita ta huɗu ya zauna a bakin titi yana neman numfashi. Amma in kun ji shi a shagon shayi, cewa yake, "A Jamus na waiga ban ga kowa ba." Wannan gaskiya ne. Tun daga nan ya naɗa wa kansa sunan Koci Jamus, ya sayi usur, ya ɗaura agogo uku a hannu ɗaya.

Da na ga ya rungumi dutsen zai ɗora a amalanken jaki, na ajiye kofi na fita.

"Obadia, me kake yi da dutsena?"

"Gyara, Mwalimu. Ina kwana?"

"Kwanan lafiya ya ƙare. Ajiye shi."

"Mwalimu, shekara da shekaru yaran garin nan suna gudu, ba wanda ya ci babbar gasa. Na zauna na yi nazari. Ƙafafunsu lafiya lau. Huhunsu lafiya lau. Kilomitarka ce ta yi tsawo."

"Kilomita mita dubu ce."

"A zamaninku."

Ya hau baburinsa ya nuna mini agogon da ke ƙirga tafiya. "Ka ga wannan? Inji ne. Ba ya gajiya, ba ya faɗa da matarsa a hanya."

Ga yadda ya yi awon. Yana tuƙi yana kallon agogon babur, da lamba ta juya sai ya busa usur, mai amalanke ya jefar da dutse a nan take. Dutse na bakwai ya faɗo daidai ƙofar garken wata bazawara, shanunta suka kwana biyu suna tsallake. Na sha biyu ya faɗo tsakiyar rafi. Da aka ce ya matsar da shi gaɓa, sai ya ce kimiyya ba ta tsoron ruwa. Na sha biyar ya faɗo ƙofar gidan da ake dafa giyar gero, kuma akwai 'yan gudu biyu da har yau ba su ga na sha shida ba.

Da ya jefar da dutse na ashirin da ɗaya, daji yana can nesa kamar hayaƙi. Mai hankali zai tsaya ya duba baburinsa. Obadia ya juyo da gudu zuwa shagon shayi, inda 'yan gudu suka cika bayan atisaye, ya hau benci.

"Jama'a! Duwatsu sun ƙare, hanya ba ta ƙare ba! Kilomita biyu da ɗoriya tsohon nan ya cinye muku! Shekara ashirin da shida kuna yi masa gudun kyauta!"

Ina zaune a wurin. Na ƙirga waɗanda suka yi tafi. Goma sha tara ne, sha ɗaya tsofaffin ɗalibaina.

Washegari kowa ya zama iska. Hosea Chemjor, wanda shi ne mafi sauri a mazan garin, shekara uku yana cin kilomita a minti uku da daƙiƙa goma. Ranar ya duba agogo ya ga biyu da hamsin da ɗaya. Ya durƙusa a kan hanya ya yi kuka. Shi kaɗai ne yake da agogon nan mai magana da tauraron ɗan'adam, kuma agogon ya gaya masa mita ɗari tara ce kawai tsakanin dutse da dutse. Ya nuna wa Obadia.

"A ina aka ƙera shi?"

"Japan, Koci."

"To hanyar Japan yake aunawa. Cire shi."

Hosea ya cire da sauri, don biyu da hamsin da ɗaya ta fi daɗin ji.

Ranar Lahadi Fasto ya sa aka yi addu'ar godiya saboda ruhun sauri da ya sauka a Kaptumoi, har ya ce Ubangiji kan yi amfani da babur in ya ga dama. Barsulai mahauci, wanda tumbinsa ke rigansa shiga ɗaki, ya sayi gajeren wando ya fara maganar Turai. Wani manomi ya gano gonarsa ta ƙara tsawo, ya yanka akuya. Ni kuwa ko'ina na bi sai na ji, "Mwalimu, ina kilomitocinmu?" A kasuwa wata mai sayar da kabeji ta tambayi Taprandich, "Kaka, a rumbu kuka ɓoye su ko a ƙarƙashin gado?" Ta dawo gida ba ta sayi komai ba.

Ku ma dattawa ba ku fita ba. Shekara ashirin duk rigimar iyakar gona ni kuke kira da tef ɗina. Ranar ashirin da shida ga Maris, da 'ya'yan marigayi Kiptalam suka yi faɗa a kan gado, Obadia kuka kira. Ya shiga da babur ya ratsa masarar da ta fara tsiro, gaba da baya sau shida, ya gaya wa kowannensu cewa shi ne mai kaso mafi girma. Har yau ba sa gaisawa.

Ban zauna ba. Ranar Talata na fito da tef, na roƙi Taprandich, muka auna daga sabon dutse na ɗaya zuwa na biyu a gaban mutane. Sau goma sha takwas muka shimfiɗa.

"Sha takwas sau hamsin, Obadia. Nawa ke nan?"

"Mwalimu, ba a aji muke ba."

"Ɗari tara. Ina sauran ɗarin?"

"Tef ɗinka ne ya miƙe. Ƙarfe yana miƙewa a rana. Kai ka koya mana."

Shekara biyu a ajina, abu ɗaya ya riƙe, shi ma a kaina ya sauke shi.

"Ya miƙe da mita biyar? Tef ne ko ƙullun fulawa?"

"Ya tsufa, Mwalimu. Komai in ya tsufa sakwarkwacewa yake." Ya dube ni daga sama har ƙasa. Aka fashe da dariya. Barsulai har da riƙe ciki, wanda aiki ne na hannu biyu.

Mutum ɗaya ce ta zo gidana. Salina Jepkinyor, mai 'ya'ya biyu, wadda ke tatsar shanu huɗu kafin ta fita gudu. Ta zauna ta sha shayi ta ce, "Baba, agogo ya ce na koma uku da tara. Amma jikina bai ji labari ba. Numfashina yana nan inda yake."

"Jikinki ya fi kocinku ilimi," na ce. Na kai ta na nuna mata ramukan da aka ciro duwatsuna, bakinsu har yanzu da farar ƙasa. Tun daga ranar tana gudu tare da sauran 'yan gudu, amma a ramuka take danna agogo. Uku da talatin. Ta ce kada in gaya wa kowa, don Koci ya ce duk wanda ya kalli rami ya bar ƙungiya.

Sai Obadia ya sanar da babban shiri. Ranar Asabar, ashirin da bakwai ga Afrilu, za a yi gasar kilomita ashirin da ɗaya a babban garin gunduma, zai kai mutum goma sha ɗaya, kuma na ɗaya zuwa na goma duk namu ne. Da aka tambaye shi na sha ɗayan fa, ya ce Barsulai ne, shi zai rufe ƙofa.

Gari ya ɗauki babbar mota. Mata suka cika goruna sha ɗaya da mursik, nonon nan mai tsami da muke tarbar gwanaye da shi, suka tsinko ganyen ratayawa a wuya. Fasto ya zo da ganga. Ni ma na je, a motar haya, da kuɗina, da kujerata ta ninkewa.

Kafin a tashi Obadia ya jera su ya rubuta wa kowa lokutansa a dantse da biro. Na Hosea: kilomita ɗaya, biyu da hamsin da ɗaya. Biyar, sha huɗu da sha biyar.

"Ku saurara! Ba ruwanku da ƙafa. Ba ruwanku da huhu. Hannu za ku bi. In agogo ya wuce abin da ke hannu, kun yi lalaci, ku ƙara wuta!"

Na ga Salina ta juya baya ta tofa yawu a dantse tana gogewa.

Aka harba bindiga. Hosea ya fita da saurinsa na kullum, yana jin daɗi, yana jiran allon kilomita ta ɗaya. Allo bai zo ba. Ya duba gefen hanya, ya duba agogo, ya sake dubawa. Da allon ya iso, agogo ya ce uku da goma. Hannu ya ce biyu da hamsin da ɗaya. Ya yi ihu, "Mun makara!" Sai mutanen Kaptumoi suka fizga gaba ɗaya, ban da Salina, kamar an watsa musu ruwan zafi. Suka wuce na gaba. Suka wuce babur mai ɗaukar hoto. Mai sanarwa ya ce da lasifika, "Wasu masu koren riga sun tafi, ko dai an gaya musu gidansu na ci da wuta ne?" Fasto ya kusa fasa ganga.

Na buɗe kujerata kusa da allon kilomita goma na zauna. Daga nan hanya a miƙe take, ana hango nesa.

A kilomita ta shida na farko ya faɗa cikin kwata. A ta bakwai biyu suka tsaya suna amai kafaɗa da kafaɗa. Wani ya shiga gonar shayi bai fito ba. Barsulai tun a ta biyu ya hau bayan ɗan acaba, ya zo ya wuce ni yana ɗaga wa mutane hannu. A waɗanda suka fizga Hosea kaɗai ya rage, na gaba sun sake wuce shi, yana tafe yana tangaɗi, bakinsa a buɗe, yana kallon hannunsa kamar zai cije shi.

Obadia yana tsaye gefena, agogo uku duk yana dannawa. Ya dubi Hosea can nesa, ya dubi allon, ya dube ni.

"Su ma sun yi tsawo."

"Obadia, zauna."

"Allon nan ba a wurinsa yake ba!"

Kafin in miƙe ya tsallake igiya, ya tumɓuke allon kilomita goma na hukumar gasa, ya saɓa a kafaɗa, ya nufi Hosea da gudu don ya kai masa shi. Ranka ya daɗe, mutum ɗari huɗu suna gudu gabas, Koci Jamus yana gudu yamma da lamba goma a ka. Na gaba-gaba suka ga kilomita goma ta taho musu da ƙafafunta, wasu suka danna agogo, wasu suka zage shi. Ya kauce wa ɗaya ya bangaji teburin ruwa, kofuna ɗari biyu suka watse, mai rabon ruwa ta bi shi da bokiti. Ya isa gaban Hosea ya kafa allon yana haki.

"Goma! Ka iso! Duba agogo!"

Hosea ya dubi allon, ya rungume shi, suka faɗi tare.

Wata 'yar sanda ce ta ɗago Obadia da wuyan riga ta kai shi rumfar alƙalai a filin wasa, inda ake ƙare gudun. Mai sanarwa ya yi kuskuren miƙa masa lasifika ya ce ya gaya wa jama'a dalili. Ga abin da ya faɗa, a gaban gunduma guda, na rubuta a take:

"An cuce mu! Hanyar nan da tef ɗin Mwalimu Cheptarus aka auna ta! Ya ci kilomita biyu a Kaptumoi, ya biyo mu nan ma!"

Sai wata murya daga cikin taro ta ce, "Kai Jamus! Da wane babur ka yi awon? Jan nan?" Simiyu ne, makaniken bakin tasha.

"Shi fa. Inji ne."

"Ai tayar gaban ba tasa ba ce! Da ka faɗa rami a Janairu ka ce ba ka da halin sabuwa, na sa maka ta ƙaramin babur. Na gaya maka agogon zai riƙa zuba ƙarya!"

"Ka ce zai riƙa sauri."

"To ƙarya mai sauri!"

Babban alƙalin gasa mutum ne mai son nishaɗi. Ya sa aka kawo baburin, ya ce Obadia ya zagaya filin sau goma, mita ɗari huɗu-huɗu, kilomita huɗu ke nan. Jama'a suna ƙirga masa da ƙarfi, 'yar sanda na zaune a bayansa riƙe da rigarsa. Da ya tsaya alƙali ya leƙa ya karanta a lasifika: huɗu da ɗigo huɗu. Obadia ya sauko, ya gyara usur, ya ce, "To filin nan ma a bincike shi." Wata tsohuwa ta jefe shi da ɓawon ayaba.

Ana cikin wannan Salina ta shigo fili, tafiyarta ɗaya tun daga farko, ba ƙari ba ragi. Awa ɗaya da minti sha uku da daƙiƙa hamsin. Ku raba da ashirin da ɗaya da 'yar ɗoriyarta, ku da kuka iya rabawa, za ku samu uku da talatin. Ta zo ta biyar a mata. Matan garinmu suka yi kanta da goruna sha ɗaya, tunda ba wani bakin da za a ba, suka lafta mata ganye har ba a ganin fuskarta. A hanyar dawowa Fasto ya ce shi dama tun farko ransa bai kwanta da baburin nan ba.

Yau kwana goma sha tara ke nan. Dutse na sha biyu yana cikin rafi. Ba wanda ya tako gidana. A shagon shayi kowa ya koma "Mwalimu, ina kwana," kamar ba a yi komai ba, Barsulai har da aiko mini da hanta. Na mayar masa. Obadia kuwa jiya aka ji shi yana cewa tayar ce ta ci amanarsa, kuma ya fara tambayar farashin keke.

Saboda haka ga abin da nake nema, kuma ba roƙo nake ba. Obadia Kipsaina ya mayar da kowane dutse raminsa, ni da tef muna biye. A taron gari na ranar Alhamis mai zuwa, Cif ya tsayar da shi a tsakiya, ba usur, ba agogo, ya fara ba Taprandich haƙuri da sunanta. Bayan ita ni. Sai Fasto ya miƙe, sai Barsulai, sai mai kabeji, sai mutum goma sha tara da suka yi tafi, ina da sunayensu. Ku dattawa ku zo a ƙarshe, ba zan sa ku tsayu da yawa ba. Abin da kowa zai faɗa gajere ne: "Mwalimu Cheptarus bai saci ko taku ɗaya ba. Mun yi masa ƙarya, muna neman gafara." Zan zauna a layin baya. Duk wanda muryarsa ba ta iso ni ba, zai maimaita.